Kafin Ka Ce «Na Yarda», Me Ka Tambaya?

Kowace shekara Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana yaye matasa, su bazu neman aiki a matatar man SORAZ, bankuna, makarantun kuɗi da ƙungiyoyin agaji. Da yawa sukan amsa tambayoyin ganawar ɗaukar aiki tsaf. Amma da shugaba ya ce, «Kana da abin tambaya?» sai yaro ya sunkuyar da kai ya ce babu. Mun taso ana koya mana cewa yawan tambayar babba rashin kunya ne. A wannan zaman kuwa shiru hasara ne. Mai sayen rago a Kasuwar Dole ba ya biya sai ya duba haƙora, balle mai shirin ba da shekarun ƙuruciyarsa.

Fara da aikin kansa: «Ranka ya daɗe, me kuke so in cim ma a watanni ukun farko? Wa zan riƙa kai wa rahoto? Sabon gurbi ne, ko wani ne ya bari?» Wannan yana nuna aikin ne a ranka, ba albashi kaɗai ba.

Sannan ka gangaro kan haƙƙinka. Kwantiragin mai wa'adi ne, wato CDD, ko na dindindin, CDI? Wata nawa ne gwaji, kuma a rubuce yake? Za a yi maka rajista a CNSS? Rajistar nan ita ce fanshonka, ita ce kuma madogararka in ka ji rauni a bakin aiki. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsaida awa 40 a mako, don haka tambayi yadda ake biyan abin da ya haura. In wurin na bayan gari ne, kamar SORAZ da ke kan hanyar Tanut, tambayi motar ma'aikata da abinci, kada kuɗin sufuri ya cinye albashin.

Zancen kuɗi ya zo a ƙarshe: jika nawa za su shiga hannunka bayan an cire haraji, kuma ranar nawa ga wata?

Ka kuma lura da yadda ake amsa maka. Ma'aikata ta gari takan buɗe takarda ta nuna maka. Wanda ya ɓata rai ya ce, «Fara tukuna, ma yi magana daga baya,» roƙe shi cikin ladabi ya rubuta sharuɗɗan kafin ka sa hannu. In ya ƙi, kai maganar ofishin sufeton ƙwadago ka nemi shawara.