Kyamarar miliyoyin naira: Me ya sa sai an gwada ta a zafin Maradun kafin a biya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin madatsar ruwa ta Bakolori da ke ƙaramar hukumar Maradun bayan faɗuwar rana, ya ɗaga waya don ɗaukar hoto, ya san abin da ke biyo baya: duhu, da wasu ɗige-ɗige kamar an watsa yashi.

Madatsar da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato ta kai tsawon kilomita 5.5, kuma an gina ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, wanda manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun ke noman rani da shi. Wuri ne da ya cancanci hoton da za a buga a faɗin bango.

Irin wannan hoto, wanda ruwa ke kwanciya sumul kamar madara, taurari kuma su ja layi a sama, ana samun sa ne ta hanyar barin ƙofar hasken kyamara a buɗe na mintuna, wani lokaci har awa guda. A nan ne ake ambaton manyan kyamarori masu cirarriyar ƙeya.

Mece ce ƙeyar kyamara?

Tsofaffin masu hoto sun san kyamarori irin su Hasselblad ta Suwidin da Mamiya RB67 ta Japan, masu cin fim mai lamba 120. An ƙera su gunduwa uku: gilashi a gaba, akwati a tsakiya, sai ma'ajiyar fim a baya, wadda ake ɓallewa.

Da zamani ya juya, sai aka maye gurbin ma'ajiyar fim da wani ɗan akwati mai sensa, wato farantin da ke kama haske. Shi muke kira ƙeya.

Ba kayan wasa ba ne. Lokacin da kamfanin Phase One na Denmak ya fitar da IQ4 mai megafiksel 150 a 2018, kuɗinta haɗe da kyamara ya haura dala 50,000. Ta Hasselblad mai suna CFV 100C da ta fito a 2024 ta haura dala 8,000. Shi ya sa mai sha'awa a nan yakan leƙa ta hannu a intanet, kuma a nan ake yin kitso da ƙwarƙwata.

Ba kowane gilashi ke jituwa da ita ba

Tsohuwar Yashica mai ido biyu da ke ajiye a wani shago ba ta cikin lissafi, domin bayanta ba ya cira. RB67 tana karɓa, amma sai da farantin haɗi da wata 'yar waya daga gilashi zuwa ƙeyar.

Sai batun faɗi. Hoton fim na Hasselblad milimita 56 ne kowane gefe, yawancin ƙeyoyi masu sauƙin kuɗi kuwa 44 da 33 ne. Gilashin milimita 50 da a da yake kwaso fili mai faɗi, yanzu ya zama na yau da kullum. Wanda ya yi niyyar kwaso bangon madatsa da tafkinta, sai ya tashi da ɓangare.

In ya nemo gilashi mai faɗi sosai, wata matsalar ta taso. Hasken yana faɗa wa gefen sensa a karkace, sai kusurwoyin hoto su yi duhu, wani gefe ya yi kore, wani ya yi jaja-jaja. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe gaban gilashi da farar roba mai shigar haske, a ɗauka. Duk launin da ya fito ban da fari, aibi ne. Manhaja na iya goge shi in bai yi yawa ba.

Zafi ne babban abokin gaba

Wannan ne abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Sensa tana tara ɗige-ɗige ko da babu haske, kuma yawansu yana ninkawa duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri shida zuwa takwas.

Ƙeyar P45+ ta 2007 ta yi suna da iya ɗaukar awa guda cur. Amma an auna wannan awa ne a yanayi mai sanyi, ƙasa da digiri 20. A Maradun, ranar Afrilu tana wuce digiri 40, dare ma ba ya hucewa da wuri. Awar Kopenhegen ba awar Zamfara ba ce.

Don haka a gwada ta a ɗaki mai zafin gari, ba mai na'urar sanyaya ɗaki ba. A rufe gilashi da murfinsa, a ɗauki minti ɗaya, sai biyar, sai goma sha biyar, a buɗe hotunan a kwamfuta a ƙara musu haske. Inda jajaye da shuɗɗan ɗigo suka mamaye, nan ne iyakarta, ko me takarda ta ce.

A sani kuma, tsofaffin ƙeyoyi kan sake ɗaukar hoton duhu na daidai tsawon lokacin don su tace ɗigon. Minti 30 ya zama awa, batir na zuba. Waɗanda aka yi daga 2014, lokacin da IQ250 ta zo da sensar Sony, sun fi jure wannan wahala. IQ4 ma tana iya ɗaukar gajerun hotuna da yawa ta haɗe su, dabarar da wayarka ke yi in ka kunna yanayin dare.

Wani zai ce a jira hunturu. Dararen Disamba da Janairu suna yi wa sensa daɗi, gaskiya ne. Sai dai lokacin ne hazo ke rufe taurari, kuma da ka ɓalle ƙeyar, sensarta na tsirara a gaban ƙura. Sauya gilashi a cikin mota, tagogi a rufe.

Akwai kuma abin da ya fi ɗigo muhimmanci. Madatsar tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Kuma da halin tsaron da yankin ke ciki, babu hoton da ya kai mutum ya yi awa a bakin ruwa da tsakar dare. Baƙin gilashi mai rage haske, in aka ɗaura shi a gaba, yana ba da damar ɗaukar minti biyu ko uku da la'asar sakaliya, ruwan ya kwanta, kai kuma ka isa gida kafin magariba.