Yadda Guguwar Damina Ta Kayar da Jirgin BOAC a Kano a 1956

A watan Nuwamban 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, guda uku na sojojin Birtaniya da suka taso daga Masar. Daga baya birnin ya zama zangon jiragen da ke ratsa Sahara tsakanin Legas da Landan.

Ran 24 ga Yunin 1956, jirgin kamfanin BOAC samfurin Argonaut, mai injuna huɗu, ya tashi daga Kano zuwa Tarabulus ta Libiya ɗauke da mutum 45. Hadari ya riga ya haɗu a gabansa. Jim kaɗan da tashinsa sai ya fara yin ƙasa, ya bugi bishiya, ya faɗi ya kama da wuta. Mutum 32 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Bincike ya nuna iska ce sanadi. Jirgi na samun ɗagawa ne daga iskar da ke bugun fukafukansa ta gaba. A ƙarƙashin hadarin, iskar ta juya farat ɗaya ta koma bayan jirgin, saurinsa a iska ya ragu alhali bai yi nisa da ƙasa ba.

Sai a shekarun 1970 masanin yanayi Ted Fujita ya fayyace irin wannan iska mai faɗowa daga gajimare. Yau akwai na'urorin gano ta, kuma ana horar da matuƙa jirgi yadda za su kauce mata. Shi ya sa jinkirta tashin jirgi saboda hadari kariya ce ga rayukan fasinjoji.