FASHIN BAƘI: Harajin da ake cira daga albashin ma'aikatan iyakar Jibiya, aljihun wa yake shiga?

A Magama, inda hanyar Katsina ke tsallakawa zuwa Ɗan Issa da Maraɗi, jami'in kwastan da na shige da fice da ɗan sanda kan tsaya bakin shinge ɗaya, kuma dukansu Gwamnatin Tarayya ce ke biyan su. Sai dai harajin albashinsu ba wuri ɗaya yake zuwa ba.

Tsarin da ake kira PAYE ya ɗora wa mai biyan albashi nauyin cire haraji tun kafin kuɗi su kai hannun ma'aikaci. Ƙa'idar ita ce harajin na jihar da ma'aikaci ke zaune ne, ko da daga Abuja ake turo albashinsa. Don haka abin da aka yanka daga albashin jami'in kwastan mazaunin Jibiya haƙƙin Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Katsina ne. Soja da ɗan sanda kuwa doka ta ware su, lissafinsu na hukumar tarayya ne, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu, 2026, ta kuma sauya lissafin. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, daga nan abin ya riƙa hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Ma'aikacin da ya rage masa naira miliyan 1.8 a shekara bayan an fitar da kuɗin fansho da sauran rangwame zai biya 150,000, wato 12,500 kowane wata. Mai zaman haya yana da rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyakarsa naira 500,000, amma sai ya bayyana hayar. A garin da ake yawan ƙulla haya da fatar baki gaban shaidu, wannan rangwame zai iya wuce mutane da dama.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin cirewa da miƙawa. Wajibi ne mai biyan albashi, gwamnati ce ko kamfanin fiton kaya ko makarantar kuɗi, ya miƙa abin da ya cire kafin 10 ga watan da ke biye ya wuce, sannan zuwa 31 ga Janairu ya gabatar da takardar shekara mai ɗauke da sunan kowane ma'aikaci da albashinsa da abin da aka yanka. Wanda ya cire ya riƙe, tara da kuɗin ruwa na jiransa. Amma ma'aikaci ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa, ranar da ya nemi takardar shaidar biyan haraji don neman fili ko tsayawa takara, aka duba ba a ga sunansa ba. Takardar albashi ta wata-wata da lambar harajinsa su ne hujjarsa.

Duk wannan ya shafi tsiraru ne a Jibiya. 'Yan dako da direbobi da 'yan canji ba su cikin jerin albashin kowa. Nasu kuɗin a tasha da kasuwa ake karɓa, da rasit ko babu. Lokacin da aka rufe iyakar a Agustan 2019 har zuwa Afrilun 2022, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, cinikinsu ya tsaya cak, harajin masu albashi kuwa bai fasa fita ba ko wata ɗaya.