Sana'ar Ɗinkin Filafilan Jirgin Ruwa

Ƙasar Hausa ba ta bakin teku, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan kalmomin wannan sana'a suka yi ƙaranci a bakin Bahaushe. Filafili, kamar yadda aka sani, shi ne itacen da Sarkawa ke tuƙa kwalekwale da shi. Amma a wannan maƙala za a ari kalmar don babban ƙyallen nan da ake ɗaurawa a dogon itace a tsakiyar jirgi, iska ta buge shi, jirgi ya tafi.

Wanda ya hango filafili daga nesa zai zaci shimfiɗaɗɗen zane ne aka yi wa kalmasa. Ko kusa. Filafili yana da ciki, watau ya ɗan lotsa kamar tafin hannun mai ɗiban ruwa. Iskar da ke bi ta bayan wannan ciki takan fi ta gaba sauri, matsinta ya ragu, sai ta zuƙi jirgin, kamar dai yadda fiffiken jirgin sama ke aiki. Dalili ke nan da ya sa jirgi ke iya tunkarar iska a karkace, ba sai ta turo shi daga baya ba. In cikin ya yi yawa, jirgi ya kishingiɗa ya kasa gudu. In ya yi kaɗan, ƙarfi ya gaza.

To, ta yaya ake sa wa yadi ciki, alhali kuwa a shimfiɗe ya fito daga masaƙa? Nan ne gwanintar take. Maɗinki yakan yanka yadin falle-falle, sa'an nan ya haɗa, kamar yadda ake haɗa ƙwaryoyin saƙa su zama zane. Bambancin shi ne ba ya yanka bakin kowane falle a miƙe, sai ya ɗan tanƙwara shi, wani lokaci da abin da bai wuce faɗin yatsa ba. Da an ɗinke tanƙwararrun bakuna biyu, dole ƙyallen ya kumbura. Ban da wannan, tilas ya san halin zare. Yadi ba ya miƙewa sosai ta tsaye ko ta kwance, amma a ja shi ta kusurwa, sai ya saki. Saboda haka sai ya jera fallayen yadda zaren zai bi hanyar da iska ta fi ja.

Tarihi ya nuna muhimmancin wannan. A shekarar 1851 wani jirgin Amurka mai suna America ya tsere wa jiragen Ingila a gasar kewaya tsibirin Wight. Filafilansa na auduga ne mai matsattsiyar saƙa, suna riƙe surarsu. Na Ingilishi kuwa na lilin ne, suna saki su zama kamar buhu. Daga nan auduga ta samu shiga, har zuwa shekarun 1950, lokacin da zaren roba na kamfanin DuPont mai suna Dacron ya ture ta, domin ba ya ruɓewa, ba ya kuma shan ruwa sosai.

Tun daga sannan sana'ar ta soma komawa hannun masu lissafi. Lowell North, wanda ya kafa kamfanin North Sails a San Diego a 1957, injiniya ne, kuma ya ci lambar zinariya a tseren jirage na Olamfik a 1968. Ya shahara da auna miƙewar yadi maimakon dogara ga ido. A yau maɗinki yakan zana surar filafili a kwamfuta, ita ta raba shi falle-falle, na'ura ta yanka. Wasu filafilan tsere ma ba a ɗinka su: a kan wani makeken mazubi ake shimfiɗa zaruruwan kabon da makamantansu, a manne su da zafi, su fito da cikinsu a shirye.

Sai dai kwamfuta ba ta shiga jirgi. Mai wannan aiki ba ya cika sai ya iya tuƙi da kansa, ya kwanta ƙarƙashin filafili ya duba inda cikin ya zauna, ya kuma tambayi mai jirgi irin ruwan da yake shiga. Dole ya iya keken ɗinki mai tafiyar maciji, wanda ɗinkinsa ke miƙewa tare da yadi ba ya tsinke. Yawancin aikin ƙananan shaguna ma gyara ne, gama rana tana cin zaren roba sannu a hankali, kuma sau da yawa zaren ɗinkin ke fara mutuwa kafin yadin. A kusurwoyi, inda yadi ya riɓanya har keke ya gaza, sai a koma ga kayan dā: allura mai baki uku, da zare mai kakin zuma, da wata fata da ake ɗaurawa a tafin hannu, mai ƙarfe a tsakiya don tura allurar. Su ne kuma matuƙi ke ɗauka cikin jaka, domin in ɗinki ya warware a tsakiyar teku, ba shagon da zai kai.