Littafin Awo na Tela da Madogarar Kundi

Duk telan da ya san abin da yake yi yana da wani tsohon littafi a aljihun teburinsa, bangonsa ya sha man keke da ƙurar alli. A ciki yake rubuta awon masu kawo masa ɗinki: suna a sama, sai kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, tsawon riga, ƙugu, tsawon wando. Sau ɗaya zai zagaya ka da tef ya rubuta. Daga ranar, ko kaftani kake so, ko jamfa, ko 'yar shara, ba sai ka sake zuwa ka miƙe hannuwa a tsakar shago ba. Ka aiko yaro da yadi, ka faɗi irin ɗinkin, shi ke nan. Awo yana nan yadda yake, ɗinki ne ke sauyawa.

Ɗalibin da ya gane wannan ya gane rabin aikin manhajojin tsara madogara, irin su Zotero da Mendeley da EndNote. Kowace a cikinsu littafin awo ce. Littafi ko maƙalar da ka karanta, sai ka shigar da ita sau ɗaya: sunan marubuci a gurbinsa, shekara a gurbinta, take, mujalla, kundi na nawa, fitowa ta nawa, daga shafi kaza zuwa kaza. In ka zo rubutu a Word, ka kai inda za ka jingina magana ga mai ita, sai ka kira sunan daga ma'ajiyar. Manhajar ta dasa ɗan gajeren ambato a cikin baka biyu, ta kuma je can ƙarshen aiki ta jera cikakken bayanin a manazarta. Ambaton da ke cikin matani da layin da ke manazarta duk daga awo ɗaya aka yanko su, don haka ba sa saɓa wa juna. Wanda ya taɓa zama gaban malamai ranar kare kundi, aka ce masa, "Malam, ka ambaci wane a shafi na 42, amma mun duba manazarta ba mu gan shi ba," ya san girman wannan ni'ima.

Salon ambato kuwa shi ne irin ɗinkin, kuma ba mai rubutu ke zaɓa ba. Anko ne. Sashe ko mujalla ke fitar da shi, kowa ya bi. Sassa da yawa a jami'o'inmu salon APA suke bi, wato sunan marubuci, waƙafi, shekara: (Yahaya, 1988). Masu salon MLA suna da lambar shafi suke so, babu shekara. Masana tarihi sun fi sabawa da salon Chicago mai ɗan lamba a saman layi da bayani a gindin shafi. Likitoci kuma nasu lambobi ne zalla, salon da ya samo sunansa daga taron da editocin mujallun likitanci suka yi a birnin Vancouver na ƙasar Kanada a 1978. A wannan salon, madogarar da ta fara bayyana ita ce 1, mai bi mata 2, haka har ƙarshe. To a ce ka kai lamba 80, sai malamin da ke duba aikinka ya ce a ƙara sakin layi guda a gabatarwa mai ɗauke da sababbin madogara biyu. In da hannu ka yi, duk lambobin da ke bayan wurin sai sun gusa, a matani da manazarta baki ɗaya, kuma da wuya ka gama ba ka tsallake wata ba. Manhaja kafin ka ɗaga kai ta sake lissafin.

Ankon ma ba ya zama wuri ɗaya. Lokacin da bugu na 7 na jagoran APA ya fito a 2019, an sauya dokar marubuta masu yawa. A bugu na 6, in marubuta uku ne zuwa biyar, sai ka jero su duka a ambaton farko, daga baya ka taƙaita. A na 7, da sun kai uku, tun daga farko sunan na gaba kaɗai za ka kawo ka bi shi da et al. An kuma daina rubuta garin da aka buga littafi. Waɗanda suka rubuta nasu da hannu, sashe ya ce a koma sabon bugu, sai da suka farke ɗinki layi-layi. Mai manhaja zaɓi ɗaya ya sauya. Zotero da Mendeley suna karanta salo ne daga wasu ƙananan fayiloli da ake kira CSL, kuma akwai dubbansu, na mujallu daban-daban. In wata mujalla ta dawo maka da maƙala, ka nufi wata mai nata salon, ba sabon awo za ka yi ba.

Sai dai keke bai san mai riga ba. Abin da aka yanka aka tura masa shi yake bi da zare. In ranar awo tela yana hira ya rubuta 22 a gurbin hannu alhali 24 ne, to kaftanin Ƙaramar Sallah zai fito da guntun hannu, na Babbar Sallah ma haka, kuma ɗinkin zai yi kyau, kalmasa a miƙe, aikin wuya tsaf. Nan ne ɗalibai suka fi faɗawa, kuma nan nake so a tsaya a duba da kyau.

Ɗauki littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce, na 1988. Manhaja tana da gurbi biyu na suna, ɗaya na sunan da za a ambata, ɗaya na sauran. Ɗalibi ya juya su, ya sa Ibrahim inda ya kamata Yahaya ya zauna. Duk inda ya kira littafin, (Ibrahim, 1988) zai fito, a manazarta kuma ya koma layin harafin I, inda babu mai nemansa. Sunayenmu suna da saurin jawo wannan, domin da yawa suna uku ne, na ƙarshen wani lokaci sunan gari ne, kamar Gusau ko Zariya, kuma shafukan intanet da ake kwaso bayanai daga cikinsu ba kullum suke sanin wanne ne wanne ba. Wani kuma zai shigar da littafin sau biyu, yau daga wannan shafi, wani makon daga wancan. Manhaja ta ɗauka littattafai biyu ne marubucin ya fitar a shekara guda, sai ta raba su da 1988a da 1988b, mai karatu ya shiga neman littafi na biyun da ba a taɓa rubutawa ba. Haka in a wuri ɗaya an rubuta cikakken suna, a wani wurin haruffan farko kawai. Sai ta zaci mutum biyu ne masu suna iri ɗaya, ta fara liƙa musu haruffa a cikin ambato don ta bambanta su. Ɗalibi ya ga haka ya ce manhajar ta haukace, alhali doka take bi, domin APA ta ce a yi hakan in da gaske mutum biyu ne. A fagen da Muhammad da Abubakar suka cika manazarta, dokar tana da amfani ƙwarai.

Sunan hukuma ma yana da nasa tarkon. In ka bar shi a gurbi biyu, manhaja za ta ɗauki kalmar ƙarshe ta mai da ita sunan mahaifi, ta gutsure sauran zuwa haruffa. A Zotero akwai ɗan maɓalli da ke haɗe gurbin ya zama ɗaya, shi ake dannawa. Su ƙ da ɗ da ɓ kuwa, a duba su da ido. Sau da yawa bayanan da aka kwaso daga intanet sun riga sun zubar da lanƙwasar, Ɗangambo ya dawo Dangambo, kuma manhaja ba za ta mayar masa da ita ba sai kai ka mayar.

To in ka ga kuskuren a shafi, ina za ka gyara? Hannu yakan yi saurin kai wa inda ido ya gani: a goge Ibrahim a cikin baka biyun, a rubuta Yahaya. Wannan daidai yake da ka mayar wa tela riga, yaron shago ya ƙara mata ƙyalle a hannu, littafin awo kuwa yana nan da 22. Riga ɗaya aka ceto, na gaba duk za su zo da ciwon. Zotero ma in ta lura ka taɓa ambato da hannu takan tambaye ka ko ta bar shi yadda ka mai da shi. In ka ce e, ta cire hannunta daga kansa, ko salo ka sauya daga baya shi ba zai bi sahu ba, sai ya tsaya shi kaɗai da tsohon ɗinki a cikin taro. Gyaran gaskiya a ma'ajiya ake yin sa. Ka buɗe bayanin littafin, ka daidaita sunan, ka dawo Word ka danna sabuntawa, duk wuraren da ka ambace shi su gyaru tare.

Yawancin abin da ke sa a kai hannu ma an tanadar masa gurbi. Lambar shafi tana da nata akwatin a cikin tagar ambato. In kana so ka ce "Yahaya (1988) ya nuna cewa", akwai zaɓin ɓoye sunan marubuci, ka rubuta sunan a jimlarka, manhaja ta kawo shekara kaɗai. Kalma irin "duba" da ke zuwa kafin suna, ita ma da wurinta. Madogara uku a baka ɗaya, tare ake zaɓo su, ita ta san yadda za ta jera su.

Masu rubuta kundi da Hausa suna da ƙarin aiki guda. Salon da aka saba saukewa da Turanci yake magana: zai sa alamar & inda sashe ke son "da", ya sa et al. inda ake son "da wasu", ya sa p. a madadin "sh." Fayil ɗin salon ana iya buɗe shi a sauya waɗannan kalmomi. A ganina wannan ba nauyin ɗalibi ɗaya ba ne. Sashen Hausa guda ya zaunar da wanda ya iya, a gyara fayil ɗaya a raba wa kowa, ya fi a bar kowane ɗalibi yana fama shi kaɗai a daren miƙa aiki. Kuɗi ba zai hana ba. EndNote na sayarwa ne, amma Zotero, wadda aka fara fitarwa a 2006 daga Jami'ar George Mason ta Amurka, kyauta ce, kuma a kan kwamfutarka take ajiye bayanai, ko babu data za ka ci gaba da aiki. Mendeley, da kamfanin Elsevier ya saya a 2013, ita ma ana samun ta kyauta.

Wani abin da ke damuna ya wuce waƙafi da aya. Sauƙin kwaso madogara ya sa ana tara sunayen littattafan da ba a buɗe ba. Danna sau ɗaya, maƙala ta shigo ma'ajiya, danna na biyu ta hau shafi, a jingina mata maganar da ba ta faɗa ba. Tela ba ya rubuta awon wanda bai auna ba don an kwatanta masa shi a waya. In a littafin wani ka tsinci maganar, faɗi haka, ka ce wane ne ya kawo ta daga wane, ka sa wanda ka karanta ɗin a manazarta. Yawancin madogararmu ma, kundayen da ba a buga ba da tsofaffin mujallun sassa da takardun taron ƙara wa juna sani, ba su da lambar DOI da za a liƙa bayani ya sauko da kansa. Dole ka riƙe takardar a hannu, ka buɗe shafin farko, ka kwafe harafi-harafi.

Ranar miƙa aiki kuma akwai matakin ƙarshe. Ambaton da manhaja ta dasa ba rubutu ne zalla ba, akwai zaren da ke ɗaure shi da ma'ajiya a ɓoye. Kafin ka kai fayil shagon buga takardu ko ka tura wa mujalla, yi kwafi biyu. Ɗaya ka tsinke masa zaren da maɓallin da aka tanada don haka, ya koma rubutu kawai, shi za ka bayar. Ɗayan ka adana shi da zarensa, a filasha da kuma imel ɗinka, domin tsinkewar ba ta komawa, kuma bayan kare kundi mai jarrabawa na waje zai dawo maka da gyare-gyare.