Hoton Maganaɗisu da Gano Dalilin Shanyewar Ƙafafu a Ƙauyukan Jazira

Hausawa sun zauna a Maiwurno, kusa da Sinnar a bakin kogin Nilu, tun shekarar 1906. Bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, da yawansu sun shiga aikin auduga a gonakin Jazira. Wannan takarda za ta duba wata matsala da likitocin yankin kan fuskanta, wato manomin da ƙafafunsa suka shanye cikin 'yan kwanaki ba tare da ya faɗi ko ya ji rauni ba.

Alamar ɗaya ce, amma dalilanta sun bambanta. Na farko shi ne cutar Guillain-Barré, wadda likitocin Faransa suka bayyana a 1916. A nan garkuwar jiki ce ke juyowa ta kai wa jijiyoyi hari, sau da yawa bayan gudawa ko mura. Na biyu shi ne tsargiya. Tsutsarta tana shiga fatar mutum a magudanan ban ruwa, kuma jefi-jefi ƙwayayenta kan maƙale a laka, wato igiyar jijiyoyin da ke cikin ƙashin baya. Na uku shi ne tarin fuka da ke cin ƙashin bayan har ya danne lakar.

A nan ne na'urar MRI ke da amfani. Tana aiki da maganaɗisu, tana kuma nuna sassa masu taushi waɗanda hoton ƙashi ba ya nunawa. Idan tsargiya ce, akan ga kumburi a ƙarshen laka. Idan tarin fuka ne, akan ga ƙashin da ya zagwanye da taruwar mugunya. A cutar Guillain-Barré kuwa laka takan fito lafiya lau, don haka sai an haɗa da gwajin ruwan laka da awon saurin saƙo a jijiyoyi.

Muhimmancin bambancewar yana ga magani. Mai tsargiya yana buƙatar furazikwantal tare da magungunan sitiroyid masu rage kumburi. Sitiroyid ba sa warkar da Guillain-Barré. Maganinta shi ne ƙarin sinadarin garkuwa ko tace jini, kuma tana iya hawa har ta tsayar da numfashi.

Irin wannan na'ura a manyan birane ake samunta, kuma yaƙin da ya isa Wad Madani a Disambar 2023 ya durƙusar da asibitocin birnin. Saboda haka tambayar likita ba ta rasa matsayinta ba: yaushe ciwon ya fara, ina ya soma, kuma shin majinyacin yana shiga ruwan magudana?