Shin Ko Kun San Daga Ina Tsakiyar Kaka Ta Fito?

Shin ko kun san jar tsakiyar nan da tsofaffi a Nasarawan Doya, Ikara ko Kudan ke ɓoyewa a ƙasan adudu dutse ne na gaske? Aƙiƙ ne, ɗan'uwan ƙanƙarar da ake ƙyasta wuta da ita. Taurinsa ya kusa 7 a ma'aunin Mohs mai hawa 10, shi ya sa wuƙa ba ta karce shi, amma shi yana zana gilashi.

Shin ko kun san jan nan sau da yawa aikin wuta ne? A garin Khambhat na jihar Gujarat a Indiya, shanya dutsen ake yi a rana, sannan a gasa shi cikin tukwanen ƙasa har sinadarin ƙarfen da ke jikinsa ya nuna, ya yi ja wur. Jamusawan garin Idar-Oberstein kuwa, daga wajejen 1830 suka riƙa sayo aƙiƙ daga Brazil, su sassaƙa tsakiya da talhatana su turo kasuwannin Afirka. Baƙin aƙiƙ ma dabara ce: a jiƙa dutsen cikin ruwan zuma na makonni, a tsoma a asid, sukarin da ya shige shi ya ƙone. Wato abin wuyan kaka ya fi jikokinta yawon duniya.

Lantana ita ce ta gida. Jan dutse ne da Turawa ke kira jasfa, wanda fatake Hausawa ke ɗaukowa daga yankin kogin Kwara a Nijar ta yau zuwa Ilorin, inda masu sana'ar ke huda shi da hannu, ƙwal-ƙwal, a ƙarni na 19.

Bambance su ba wuya. Ku ɗora dutsen a kan tocilan waya. In haske ya ratsa, zane ya fito layi-layi kamar an yanka albasa, aƙiƙ ne. In ya toshe hasken ɗungurungum, jasfa ce. 

In kun shiga Kasuwar Kurmi a Kano, ku kara tsakiyar da za ku saya a kunci: dutse ya fi roba sanyi da nauyi. Wanda kuka hango 'yan ƙwayoyin kumfa a cikinsa kwalba ce aka narka, komai rantsuwar mai kaya.